Yarinyar Da Auta Ya Tsamo

Ni na goyi Auta. Inna ta rasu bai kai yaye ba, ni kuma a lokacin ina ajin ƙarshe na firamare a Ruwan Bago. Da na dawo daga makaranta sai Gwaggo ta kwance shi daga bayanta ta ɗora mini, ta kama aikin gida. A bayana ya koyi tsotsar ƙuli-ƙuli, a bayana ya yi ƙyanda ya warke. Ya girma ya fi ni tsawo, ya tafi Kano koyon gyaran waya har ya samu ɗan shago a kasuwa shi da abokinsa, amma a wurina bai wuce yaron da nake wa wanka a bakin rijiya yana zillewa ba.

Aure ne ya kawo ni Karaye, kuma a nan nake koyarwa. Gidanmu yana kan hanyar da ta gangara zuwa dam. A sauran ranakun shekara ruwan na masunta ne, da masu noman rani, da Fulanin da ke shayar da shanu. Da Sallah kuwa mutanen birni ne ke karɓe shi. Tun da hantsi za ka ga motoci suna wucewa a jere, an cika su da yara da kuloli da tabarmi. 'Yan garinmu su kafa kaskon suyar kifi, masu rake da masu tsire su baje, masu kwale-kwale su ajiye koma su riƙa ɗaukar baƙi suna zagayawa da su. Mu da muke kusa ba mu cika zuwa ba. Abin da kake gani kullum ba ya zama wurin yawon Sallah.

A shekarar da nake ba da labari, Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar damina. Dam ya cika ya batse, ruwan ya yi ja. Washegarin Sallah sai ga Auta a ƙofar gida da abokansa uku a cikin wata tsohuwar mota da suka aro. Yana sanye da sabuwar farar shadda mai sitati, da hular da ya karya ta gefe kamar yadda samarin birni suke yi.

"Yaya, ga 'yan birni na kawo miki," in ji shi, bayan mun gaisa. "Tun daga Kabuga nake ba su labarin soyayyen namanki. Kada ki ba ni kunya."

Abokan suka durƙusa suka gaishe ni. Ɗaya na san shi, shi ne abokin shagonsa, wani dogo marar yawan magana. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na kawo musu tuwon shinkafa da miyar taushe da naman layya. Maigidana ya zauna da su suna hira. Auta ya shigo cikin gida ya tsugunna kusa da murhu, yana nuna mini hotunan akwatunan lefen da ya fara haɗawa, don an sa ranar aurensa bayan kaka. Ya ce daga dam zai wuce Ruwan Bago ya kwana wurin Baba, abokan su koma Kano.

Da za su tafi na zuba musu nama da dambu a kula, na cika musu jarka da zoɓo. Ban ja masa kunne a kan ruwa ba, domin tun yana ƙarami babu rafin da bai ƙetare ba a yankinmu. Baƙin nasa na ji wa tsoro.

"Ka kula da mutanenka," na ce. "Kaji ka kawo, ba agwagi ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya fita yana maimaita musu.

Bayan la'asar na fito ƙofar gida zan zubar da ruwan wanke-wanke. Sai ga wata mota ruwan toka ta taso daga wajen dam a guje, tana danna oda ba ƙaƙƙautawa, awaki suna watsewa. Na ja baya na manne da bango. A kujerar baya na hango wata mata ta sunkuyar da kai kan wani abu a cinyarta, gefen gyalenta ya maƙale a ƙofa yana kaɗawa. Na ce a raina waɗannan mutanen birni ba sa tausayin yaran unguwa, na koma ciki.

Ban daɗe da shiga ba wayar maigidana ta yi ƙara. Na ji ya yi salati, ya ce ga shi nan zuwa. Ya shigo yana neman takalminsa alhali suna ƙafarsa.

"Malam, lafiya?"

"Ki zauna a gida tukuna. Zan je in dawo."

"Auta ne?"

Ya nufi ƙofa. Na ɗauki hijabi na bi shi, bai kuma hana ni ba.

A bakin ruwa mutane sun yi cincirindo. Abokan nan uku suna tsaye a jiƙe zuwa ƙirji, domin sun shiga iyakar inda ƙafarsu ta kai sun dawo. Dogon yana riƙe da wayar Auta da hannu biyu. Shi ne ya ba mu labari.

Ya ce sun zauna a kan wasu duwatsu suna shan rake. Kusa da su akwai wani magidanci da matarsa da yaransu, ba su san su ba, gaisawa kawai suka yi. A cikin yaran akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ko takwas ba, sanye da riga ruwan ɗorawa, hannunta duk lalle. Iska ta kwashe mata balan-balan, ta bi shi a kan dutsen, santsi ya kwashe ta. Wurin kuwa ba gangare ba ne, daga dutse sai zurfi. Uwar ta yi kururuwa, uban ya tsaya a bakin dutsen yana miƙa hannu, don bai iya ruwa ba. Auta ya jefa wa dogon wayarsa ya faɗa, ko rigarsa bai tsaya cirewa ba. Ya kamo ta, ya ɗaga kanta sama, ya tura ta wajen wani kwale-kwale da ya taho. Mai kwale-kwalen ya cafki rigarta ya jawo ta ciki, ya yi gaɓa da ita.

Nan kowa ya koma kan yarinyar. Aka kwantar da ita ana danna mata ciki, ruwa yana fita ta baki da hanci. Uban ya sungume ta ya yi mota, uwar da sauran yaran suka bi shi, suka bar tabarmarsu da kulolinsu a wurin. Sai da ƙurar motar ta lafa sannan dogon ya waiga ya ce ina Auta. Ya ce da fari sun ɗauka ya yi iyo ne ya ɓulla ta wani gefen, don tun a hanya yake musu cika-baki. Suka yi ta kiran sunansa. Sai hularsa aka gani tana yawo a kan ruwa.

Sarkin ruwa, wato shugaban masuntan wurin, ya riga ya fitar da mutanensa da ƙugiyoyi da dogayen gora. Dattijo ne siriri, ya san maigidana. Ya ja shi gefe, amma na ji abin da ya ce. Ya ce ƙarƙashin wurin nan kafin a datse ruwa gonaki ne, kuma itatuwan suna nan tsaye a ciki ba su ruɓe ba, ɗorawa da gawo da tsamiya. Babbar riga in ta jiƙe ta kama reshe, ko kifi ne kai sai Allah. Suka yi ta nema har duhu ya hana su.

Da sassafe Baba ya iso daga Ruwan Bago a bayan babur, da buzunsa a naɗe da butarsa. Ya tsufa a lokacin, idonsa ɗaya ya fara hazo. Ya sauka ya gaisa da sarkin ruwa gaisuwa cikakkiya, ya tambaye shi iyali da ruwa da yadda aka yi Sallah, ya yi masa sannu da ɗawainiya, kamar ba shi ne ya rasa ɗa ba. Sannan ya shimfiɗa buzunsa a gindin wata bishiyar darbejiya yana fuskantar ruwa. Na je na durƙusa a gabansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, sai haƙuri. Ke kika yi wahalarsa."

Na koma gefensa na zauna. Ya sa aka kira dogon, ya ce ya faɗa masa yadda aka yi tun daga farko. Ya saurara yana jan carbi har aka kai ƙarshe. Sai ya ce:

"To yarinyar fa? Ta rayu?"

Dogon ya dube ni, ni ma na dube shi. Babu wanda ya yi wannan tambayar tun jiya. Aka kira mai kwale-kwalen, ya ce shi dai ya ji jikinta da ɗumi. Wata mai suyar kifi ta ce ta ga ta buɗe ido ta yi tari. Wata kuma ta rantse cewa hannun yarinyar reto yake yi lokacin da uban ya ɗauke ta, ba alamar rai. Babu wanda ya san sunansu ko unguwarsu, babu wanda ya riƙe lambar motar. A lokacin ne na gane ita ce motar da ta wuce ni a ƙofar gida.

Baba ya ce wa maigidana ya taimaka ya je asibiti ya tambaya. Ya je na garinmu, aka ce ba a kawo kowa ba. Ya wuce Gwarzo, can ma haka. Da alama kai tsaye suka yi Kano.

Abin da ban manta ba a kwanakin nan shi ne, yawon Sallah bai tsaya ba. Hantsi na yi motoci suka fara sauka kamar jiya. Waɗanda suka zo ba su san abin da ya faru ba, kuma ruwan bai nuna komai ba. Aka kunna lasifika, aka baje tabarmi. Maigidana da mai unguwa suka riƙa bi suna gaya wa mutane. Wasu suka kashe kiɗan, suka zo suka durƙusa gaban Baba suka yi masa jaje, har wata Hajiya ta aiko mana da abincin da ta zo da shi, ta kwashe yaranta suka koma. Wasu suka ce Allah ya sa a gan shi, suka matsa can gaba suka ci gaba da abin da ya kawo su. Kafin a gama da waɗannan, wasu sababbi sun iso. Kwale-kwalen da ke jan ƙugiya a ƙasan ruwa da wanda ke ɗauke da 'yan mata suna ɗaukar hoto, wani lokaci har gogar juna suke yi.

Ni ina zaune a bayan masu suyar kifi, a inuwar wani dutse. Wata budurwa ta zo da ƙawayenta, ta ce mini cikin ladabi, "Mama, don Allah ɗan matsa kaɗan, za mu yi hoto." Na tashi na matsa. Sai da ɗaya daga cikin matan ta gaya mata ko ni wace ce, ta toshe baki, ta zo tana ba ni haƙuri har da hawaye. Ban ji haushinta ba. Ban ji komai ba a lokacin, in ban da ƙaurin man suya da ya cika mini maƙogwaro.

Da rana wata maƙwabciyata ta miƙo mini waya, ta ce wai bidiyon abin yana yawo tun daren jiya. Wani ne ya ɗauka daga kan dutse. Hoton yana rawa, ana jin ihu, ana kuma jin wani yana dariya daga nesa, wanda bai riga ya gane abin da ke faruwa ba. Na ga bayan farar shadda tana kumbura a kan ruwa kamar buhu. Na ga hannunsa ya ɗago wani abu mai ruwan ɗorawa. Daga nan mai ɗaukar ya juya ya bi yarinyar, kamar yadda kowa ya yi. Abokan Auta sun yi ta maimaita kallonsa ko za su ga lambar motar, amma mutane sun tare ta. Ni sau ɗaya na kalla, na mayar mata da wayarta.

Baba bai bar gindin darbejiyar nan ba sai don alwala. Da magariba maigidana ya lallashe shi ya zo gida ya kwanta, gari na wayewa ya koma. Aka yi ruwan sama mai ƙarfi, aka kawo masa lema, ya riƙe ya ci gaba da zama. Abokan Auta biyu iyayensu suka kira su suka koma da motar aro. Dogon ya ƙi tafiya. Yana bin masunta a kwale-kwale duk da bai iya ruwa ba, har sarkin ruwa ya ce masa ya zauna a gaɓa, gawa ɗaya ta ishe su nema.

A rana ta uku wani Bafulatani da ya kai shanu shan ruwa ya ga gawar Auta, can nesa a wani lungu da ruwa ya shiga cikin ciyayi, kusa da wani ƙauye. Aka zo aka gaya wa Baba. Ya yi hamdala, ya naɗe buzunsa.

Baba ya so a kai shi Ruwan Bago a binne kusa da Inna. Sarkin ruwa da limamin ƙauyen suka zauna da shi, suka gaya masa yadda jikin ya zama, ba zai ɗauki tafiya ba, ko wanka sai dai a kwarara masa ruwa. Baba ya ce ƙasa duk ta Allah ce. Mutanen ƙauyen, waɗanda ba su taɓa ganin Auta da rai ba, su suka haƙa kabarin, suka kawo likkafani, suka cika sahu. Ni aka ajiye ni a gidan liman tare da matansa. Na roƙi maigidana ya bar ni in gan shi ko sau ɗaya.

"Ki riƙe fuskar da kika sani," in ji shi. "Ni da na gani, da ma ban gani ba."

Ta kan katanga na hango makarar ta wuce.

A Ruwan Bago aka yi zaman makoki. Mutane suka zo daga Rogo da Falgore da Rogo Ruma, 'yan kasuwar su Auta suka cika bas biyu daga Kano, iyayen yarinyar da zai aura suka zo da ita, ta zauna a ɗakin Gwaggo ta rufe fuska har suka tafi. Kowa ya zo sai ya ce shahada ya yi, wanda ruwa ya ci shahidi ne, balle wanda ya shiga don ceton rai. Baba yana amsawa da amin. Amma duk wanda ya ce daga Kano yake, bayan gaisuwa sai Baba ya tambaye shi ko ya ji labarin wasu mutane da 'yarsu ta faɗa dam da Sallah. Kowa ya ce zai bincika.

Dogon da abokansa sun yi iya ƙoƙarinsu. Sun zaga asibitocin birni, sun kai sanarwa gidan rediyo, sun sa a waya ana ta turawa. Babu wanda ya fito. Tabarmar mutanen da kulolinsu suna wurin sarkin ruwa har damina ta wuce, ba wanda ya zo nema.

Ni abin ya koma mini fushi. Ina kwana ina tashi da mutumin nan da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Wata rana na kai wa Baba abinci na kasa daurewa.

"Baba, a ce ɗan mutum ya mutu saboda 'yarka, ko gaisuwa ka kasa zuwa? Ko ta waya? Duk Kano an ji labarin nan, su ne ba su ji ba?"

Baba ya ajiye cokalin.

"Uwata, lokacin da suka bar wurin, ba su san bai fito ba. Wannan ɗaya. Na biyu kuma, wa ya sani ko su ma zaman makoki suke yi? In ta mutu, da wane ido uban zai zo ya ce mini ɗanka ya tafi a banza?"

Ban taɓa tunanin haka ba, kuma bai sanyaya mini rai ba. Da, ina jin haushin mutane marasa godiya. Yanzu sai na koma ina roƙon Allah ya sa marasa godiyar ne, ya sa yarinyar tana can tana wasa a wani tsakar gida, sun manta da mu.

Baba bai koma gona sosai ba a daminar nan. 'Ya'yan ƙaninsa ne suka ƙarasa masa noman. Ya rame, ya rage fita, sai masallaci. Rediyonsa kullum a kunne, yana bin sanarwar cigiya da ta rasuwa, wai ko zai ji wani abu.

Da kaka, a kusa da lokacin da da za a yi bikin Auta, na je Ruwan Bago na yi kwanaki. Muna zaune a tsakar gida da yamma, Baba yana ɓarar gyaɗa a faifai don ya ba hannunsa aiki, sai aka yi sallama. Dogon ne. Ya zo da lemo da burodi, ya durƙusa ya gaishe da Baba ya gaishe ni. Na lura bai iya haɗa ido da kowa ba.

"Baba, albishir na kawo," in ji shi. "An samu mutanen nan. Yarinyar tana nan da ranta."

Baba ya tsayar da hannunsa a cikin faifan.

"Alhamdu lillahi. A ina suke?"

"A wajen Rijiyar Zaki. Wani mai kawo mana gyara ne maƙwabcinsu."

"Ka gan ta da idonka?"

"Na gan ta, Baba. Har makaranta take zuwa. Ta yi sati a asibiti, aka sallame ta."

"Uban nata me yake yi?"

"Ɗan kasuwa ne. Yana yawan tafiye-tafiye, shi ya sa bai ji sanarwa ba. Ya ce a gaishe ka, a yi maka ta'aziyya, zai zo da kansa in ya dawo."

"Madalla. Yaya sunan yarinyar?"

Dogon ya ɗan yi jim, sannan ya faɗi wani suna. Zufa tana bin gefen fuskarsa, alhali rana ta yi sanyi. Baba ya maimaita sunan a hankali, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙi Allah ya raya ta, ya ba ta ilmi da miji nagari, ya sa ta zama sanyin idon iyayenta. Muka shafa. Ya sa aka auna wa dogon gyaɗa a buhu, ya riƙe hannunsa ya sa masa albarka, ya ce ko bayan ransa kada ya yanke zumunci da gidan nan.

Na raka shi ƙofar gida ina kuka, ina ce masa ya kai ni in gan ta. Ya ce to, Yaya, za a sa rana, ya hau babur da sauri.

Da na dawo Baba ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Na zauna ina share hawaye, ina cewa Allah mun gode. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ba tare da ya ɗago ba:

"Yaron nan ɗan halak ne. Allah ya ba Auta aboki. Amma bai iya ƙarya ba."

"Baba?"

"Da gaskiya ne, da a waya zai kira ki tun a ranar, ba zai iya jira ya zo ba. Kuma da uban yana mota ɗaya da shi. Ya ga ina ƙarewa ne, ya nemo mini magani." Ya hure ɓawon da ke faifan. "Kada ki nuna masa na gane. Ya sha hanya."

"To addu'ar da ka yi fa?"

"Ai Allah ya san wadda nake nufi, ko sunan ba nata ba ne."

Ban nuna wa dogon ba, shi ma bai sake tayar da maganar kai ni ba. Ya ci gaba da zuwa duk bayan 'yan watanni, kuma duk zuwan da ya yi sai Baba ya tambaye shi lafiyar yarinyar, ya ce tana lafiya, ta shiga aji na gaba, Baba ya ce madalla. Haka suka yi ta yi har bazarar da Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Dogon yana cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Ni har yau ban sani ba. In na shiga Kano, a asibiti ko a kasuwa ko a cikin adaidaita, sai in tsinci kaina ina duban 'yan matan da suka kai shekarun da za ta kai yanzu. Ban san fuskarta ba, ko ta zauna kusa da ni ba zan gane ta ba. Wani lokaci nakan ce da ta rayu, ai uwarta za ta ba ta labari, kuma wata rana za ta zo da kanta ta tambaya. Wani lokaci kuma in tuna matar nan mai rantsuwa cewa hannun reto yake yi.

Bara maigidana ya ce zai kai yaranmu maza biyu wurin sarkin ruwa a koya musu iyo. Na ce Auta ma ai ya iya. Ya ce ya sani, amma yaran suna girma a bakin dam, ko mun hana su za su je a ɓoye, gara su je da sani. Ban hana ba, ban kuma bi su ba. Na zauna a tsakar gida da shinkafa a tire ina tsinta, na tsince ta na sake tsincewa. Wajen azahar suka shigo, idanunsu jajaye, suna rige-rigen ba ni labarin wanda ya fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Na ce su cire jiƙaƙƙun kayan su shanya a igiya, na tashi na ɗora tukunya.